Ranar da Dodon Sanƙarau Ya Faɗi Ba da Allura Ba

Abubuwa da yawa na aiki sun zube daga kaina tun da na yi ritaya, amma ban taɓa mantawa da ranar da Arzika ya faɗi a cikin kayan Dodo ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya, ku sababbin ma'aikata, to wannan zan ba ku.

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ba a yanke mana tamu jihar ba tukuna. Ni mataimakin jami'in wayar da kai ne a ofishinmu na Birnin Kebbi. Aikinmu shi ne idan gwamnati na da saƙo ga mutanen ƙauye, mu kai shi ta hanyar da zai shiga kunne: ko majigi, ko lasifika a kan mota, ko wasa. Wasan kuwa ba irin na rediyo ba ne da kowa ke haddace maganarsa. Ni ne mai jan labari. Zan tsaya a tsakiyar fili in ce ga wani gari, ga Dodo ya fito daga ruwa yana sandarar da wuyan duk wanda ya taɓa. Sai in kira mutanen garin da kansu, in ce kai ne Jarumi, kai ne Boka, kai ne Sarki, kowa ya gwada dabararsa a kan Dodo. Doka ɗaya ce: Dodo ba ya faɗuwa da takobi, ba ya faɗuwa da laya, sai an soka masa wata ƙatuwar allura ta katako da nake jinginewa a gefe. Da ya faɗi, masu rigakafi su buɗe akwatunansu, a shiga layi.

In ka ji tsarin a ofis, gwanin sha'awa. A fili kuwa, Allah ya sani wasan nan shi ya sa ni furfura da wuri. Ka ba mutum sarautar ƙarya ta ɗan lokaci, sai ya ƙi sauka. Na taɓa naɗa wani Sarki, ya tsayar da wasa cak wai sai an kawo masa lema. Wani Jarumin kuma, maimakon ya yi faɗa, sai ya zauna sulhu da Dodo wai su raba garin biyu. Kai kana nuna musu allura da ido da baki, su suna can suna ƙirƙiro nasu labarin.

Arzika shi ne mai kula da injin majigi, kuma shi ne Dodonmu, don duk ofis babu mai tsawonsa. Kayan Dodo buhuna ne ninki biyu da aka shafa wa baƙin fenti, kan kuma ƙaton gora ne irin na masunta, da ƙaho biyu da 'yan ramukan ido. Ta baya ake ɗaure shi da igiya tun daga wuya har ƙugu, wanda ke ciki ba ya iya kwance kansa. Saboda zafi, daga shi sai gajeren wando yake shiga.

Bazarar shekarar nan ta zo da fushi. Fankar ofis in ta juya iskar murhu take turo maka, in an ɗauke wuta kuma ka gode wa Allah da ka huta da ƙararta. Ruwan randa kansa ɗumi gare shi. Kowa a tsakar gida yake kwana, ka yayyafa wa tabarma ruwa, kafin ka gama addu'a ta bushe. A irin wannan lokacin ne sanƙarau ke shiga gari.

Wata ranar Talata babban jami'inmu ya kira ni. Ya ce, "Gobe ku tai ƙauyen nan na bayan Argungu, hanyar Augie. Sun ƙi allura, kuma an yi rashin yara. Da hantsi za ku yi wasa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba mu wasa sai la'asar ta yi sanyi."

Ya ce, "Ƙanƙarar masu allura ba ta kai la'asar. In ta narke, magani ya lalace. Ko kana da wata gida?"

Ba ni da ita.

Da na faɗa wa Arzika sunan ƙauyen, sai na ga ya nemi wuri ya zauna. Ya ce, "Malam, garin surukaina na."

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu suruki ba abin wasa ba ne. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kiran sunansa, ba ya ganin ka ba hula. In za ka gaishe shi tun daga nesa kake tuɓe takalmi ka durƙusa, kai kana duban ƙasa, shi ma yana duban ƙasa. Surukin Arzika, Malam Bawa, dattijo ne mai faɗa a ji a garin, kuma ya ba da 'yarsa ne ga ma'aikacin gwamnati na Birnin Kebbi. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ma'aikacin nan yana shiga buhu yana gurnani yara na jifan sa.

Na nemi wanda zai canje shi, ban samu ba. Kayan sun yi wa kowa yawa, kuma lokaci ya ƙure. Daga ƙarshe Arzika ya ce zai yi, amma da sharaɗi. "Ka yi mani alkawari, Malam. Ko mi yaf faru, kak ka buɗe ni gaban Baba." Na yi dariya na ce na yi, don ban ga abin da zai sa in buɗe shi ba.

Don kada wani ya gan shi, muna wuce Argungu ya sa muka tsaya a gindin wata tsamiya na ɗaure shi a cikin kayan. Ya kwanta a bayan motar ofis muka rufa masa tamfol. Muka shiga gari, muka ajiye motar a bayan rumbuna, can nesa da fili. Sai gaisuwar maigari, sai jiran tabarmi, sai jiran dattawa su hallara ɗaya bayan ɗaya. Kafin a zauna, hantsin da aka ce ya zama rana tsaka. Duk wannan Arzika na ƙarƙashin tamfol. Na leƙa na ba shi ruwa ta ramin gora, ya ce lafiya lau, in dai je in fara.

A tabarmar gaba, a inuwar dalbejiya, ga Malam Bawa nan cikin farar babbar riga, yana jan carbi.

Na ja labari, na raba matsayi. Jarumi na ba wani matashin masunci, Ɗanjumma. Boka na ba wani tsoho mai barkwanci da ake kira Na'Allah. Dodo ya fito daga bayan rumbuna da gurnani, mata suka yi baya, yara suka watse. Har nan komai daidai.

Sai Ɗanjumma ya fara nasa. Ya aika gida aka kawo masa homa, wato ragar kamun kifi, ya jefa wa Dodo. Dodo ya fizge. Ya ce to kokawa za su yi. Suka kama, ƙura ta tashi, jama'a na ihu. Na ɗaga murya cikin labari na ce, "Sai Jarumi ya tuna da wani makami da ke jingine can!" Ko kallo bai yi ba. Na matsa kusa na ce masa a hankali ya ɗauki allura ya gama.

Ya ce, "Haba Malam! Ni da nika kamun giwan ruwa da hannu, in kashe Dodo da allura kamar maɗunki? Bari dai in gwada mashi."

Wallahi da ba a gaban mutane ba ne, da allurar nan a kansa zan sauke ta. Rana ta daki tsakiyar kai, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, shi kuwa ya sami fage, 'yan mata na kallo.

Can na lura gurnanin Dodo ya ɗauke. Yana tafiya yana tangaɗi, jama'a na tsammanin salo ne. Na dubi ƙafafunsa. Ɗazu gumi ke gangarowa har yana jiƙa ƙasa, yanzu sun bushe ƙamas. Na gane zafi ya ci ƙarfinsa. Na juya da gudu in ɗauko allurar da kaina, a daidai lokacin Na'Allah ya shigo da rawarsa, ya zaro wata laya, ya hura wa Dodo toka a fuska. Dodo ya tafi da baya, ya zube.

Fili ya kaure. "Laya ta ci! Laya ta ci!" Na'Allah na tsalle, Ɗanjumma na rantsuwa shi ya gajiyar da shi. Ni kaɗai na san ba wasa ba ne. Shekara da shekaru ana dukan Arzika da sanduna a cikin kayan nan, bai taɓa kai gwiwa ƙasa ba sai allura ta taɓa shi.

Na durƙusa na sa baki a ramin gora na kira shi a hankali. Shiru. Na tura hannu ta wuyan buhu, jikinsa kamar gindin tukunya. Malamin asibitin da ya zo da masu rigakafi ya iso, ya taɓa, ya dube ni. Ya ce, "Buɗe shi yanzu. In kun tsaya kai shi mota, gawa za ku kai."

Jama'a sun riga sun zagaye mu. Samari sun shimfiɗa homa wai za su ja Dodo su zaga gari da shi. Malam Bawa na zaune taku kaɗan daga inda muke. Na zaro wuƙata. Na san in na yanke igiyar nan, Arzika zai fito tsirara haihuwar uwarsa in ban da gajeren wando, a gaban surukinsa da dangin matarsa kaf, kuma na san mutumin da na yi wa alkawari: zai iya cewa gara da na bar shi. Amma ni ba zan iya kai wa matarsa gawa in ce mata na cika alkawari ba. Na ɗora wuƙa a kan igiya.

Sai inuwa ta rufe mu. Na ɗaga kai. Malam Bawa ne tsaye, ya tuɓe babbar rigarsa, ya ba mu baya. Ya miƙa wa wasu dattawa biyu gefe-gefen rigar suka ja ta ta zama labule. Ya daka wa samari tsawa: "Ku ja baya! Wa yac ce muku ana ganin huskar Dodo? Kowa shi juya!" Sauran dattawa suka taso da nasu rigunan, kafin ka ce me, an kewaye mu, kowa fuskarsa na waje.

Bai waiwayo ba, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji. "Yanke, Malam. Ɗiyata na da goyo."

Na yanke. Muka zare gora, muka tsaga buhu. Idanun Arzika sun kafe, leɓɓansa sun tsage. Malamin asibiti ya sa aka kawo ruwan ƙanƙarar da ta fara narkewa a akwati, muka kwarara masa a kai da wuya da hammata, ni ina yi masa fifita da murfin kwali. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san na karanta duk addu'ar da na iya. Can ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari. Direba ya kawo mota har bakin labulen, muka sa shi muka lulluɓe da mayafi.

Kafin mu tashi na je na durƙusa gaban Malam Bawa. Na ce, "Baba, yaushe kunka gane?"

Ya ce, "Tun da yaf fito bayan rumbu. Yaron ga in ya zo gaishe ni, ƙasa nika dubi. Huskatai ban iya shaida ta ƙwarai, amma ƙahwahunai na san su." Sa'annan ya ce, "Kak ka hwaɗa mai."

Daga nan ya juya wajen jama'a, daga shi sai 'yar shara, ya ce ba laya ta kayar da Dodo ba, rana ce. Ya ce abin da zai sa ɗan mutane ya shiga buhu cikin wannan zafin don 'ya'yan wasu, ba abin wasa ba ne. Ya kira jikokinsa ya sa su a gaba, shi ma ya miƙa hannu. Muna fita gari na waiga na ga layi ya kai bakin masallaci, har da Na'Allah da layarsa a wuya.

A asibiti a Argungu Arzika ya farfaɗo sosai wajen la'asar. Bai tambayi ruwa ba, bai tambayi inda yake ba. Ya kama hannuna ya ce, "Baba ya gane ni?" Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Baba ko duban inda yake bai yi ba.

Daga ranar muka canza tsari. Ba a ƙara ɗaure kayan wasa ta baya ba, ba a ƙara sa mutum a ciki kafin a tara jama'a ba, kuma allurar katako a hannuna take zama, Jarumi ya so ko ya ƙi. Babban jami'i ya sake cewa a yi wasa da rana, na ce masa sai dai in shi zai shiga buhun.

Arzika ya ci gaba da zuwa gaisuwa duk salla, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, su biyu suna duban ƙasa. Malam Bawa bai taɓa ko gyaran murya a kan maganar ba. Sai bayan rasuwarsa, muna dawowa daga gaisuwar ta'aziyya, na tsayar da mota a gindin tsamiyar nan na gaya wa Arzika komai. Sai ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa, ya fashe da kuka kamar yaro.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Muna fita daga ofis da tunanin mu ne masu wayar da kai, mun tsara wanda zai faɗi da abin da zai kayar da shi, amma mutanen da muke tarawa sun fi mu ganin abin da ke cikin buhu. In sun yi shiru, kada ku ɗauka ba su gane ba. Sau da yawa rufa maka asiri suke yi.