Luguden Inna a Zauren Maza

Yayana direba ne, yana jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, kuma yana cikin wani zauren waya na maza zalla, waɗanda ba su da aiki sai kushe mata. A wurinsu waƙa iri biyu ce: ta maza, wato ta noma da ta dambe, sai kuma shirmen mata. Da wannan ra'ayin ya je gida Katuru ya tarar da Inna tana daka tana waƙa, ya ce mata ai ta girmi wannan. Ta yanke waƙar, ta ci gaba da daka. Tun daga ranar sai ƙarar taɓarya kaɗai ake ji a gidanmu, abin kuwa ya ci mini rai.

Kafin haka na taɓa ɗaukar muryarta a waya, ita da maƙwabciyarmu suna lugude, taɓarya biyu a turmi ɗaya. Allah ya ba Inna murya mai kauri, in tana bayan danga sai ka rantse namiji ne. Na tura wa 'yan uwa, na manta.

Wata ranar kasuwar Shinkafi na shiga motarsa, ya ba ni gidan gaba. Muna fita Kaura ya ƙure sauti.

"Saurara ki ji waƙar maza," in ji shi. "Zaurenmu anka sako ta, kowa ya yaba. Ji gangar noma! Mace ta iya wanga?"

Bugun farko na gane turminmu, mai tsaga a gindi. Dariya ta ƙwace mini har ɗankwalina ya zame. Ashe waƙar ta yi ta yawo daga waya zuwa waya, wani ya yanke ƙarshenta. Na ciro tawa wayar na kunna masa cikakkiya. Ana gama baitin ƙarshe sai ga jarumin nasu yana cewa, "Ke, miƙo man faifai, ki kore awakin ga!"

Yaya ya taka birki. Fasinjoji suka tuntsire da dariya.

"Inna ta?" ya tambaye ni a hankali.

"Ita ta, Yaya."

Da yamma muka biya Katuru, yana ɗauke da sabuwar taɓarya daga kasuwa. Ya durƙusa ya ajiye ta gaban Inna, ni kuwa na ba da labarin, har da ƙarin gishiri. Inna ta juya taɓaryar a hannu, ta bar shi a durƙushe har sai da ya fara gumi, sannan ta ƙwala wa maƙwabciya kira ta zo su yi lugude.

Sabuwar waƙa Inna ta ƙirƙira nan take, ta wani direba da ya san kukan injinsa amma bai san muryar uwarsa ba. Na yi dariya har da hawaye, don daɗi. Wannan karon Yaya ne da kansa ya riƙe wayar.