Rabin Ba'are

Duk wanda ya sayi igiya a kasuwar Dogon Dutsi zamanin Nasara ya san Sallau, mutumin da ba ya ciniki sai a kaikaice. Mutane sun ɗauka girman kai ne, alhali kunci yake ɓoyewa.

Ga yadda abin ya faru. Ran da aka kira wanzami ya yi masa zanen Arawa a Sukukutane, wanzamin ya gama kuncin dama tsaf, ya ɗora aska a na hagu ke nan sai aka ce ga sojojin kumandan sun zo ɗibar maza aikin hanya. Wanzami ya dire jariri, ya haura darni da askarsa, ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Uban Sallau bai kai wanzami gudu ba. Aka tafi da shi, bai dawo ba. Uwar ta kawo yaron Dogon Dutsi, ta rasu tun bai iya tambaya ba.

Sallau ya tashi da fuska biyu. Ta dama Ba'are, ta hagu kuwa sumul, sai ɗan ɗigo kamar cizon sauro. In zai wuce majalisar dattawa sai ya zagaya gari don dama ta faɗo wajensu. Abin yana ba mutane dariya, shi kuwa yana ci masa rai.

Da ya nemi auren Lantana, ubanta Gado ya kama haɓar Sallau, ya juya ta nan, ya juya ta can.

"Wanga ɓangare na san shi," in ji Gado. "Wancan ɗan wa ne? Ba ni baiwa rabin mutum ɗiyata. Tahi ka samo asalinka."

Sallau ya bi ƙauyuka yana cigiyar wanzamin. A Geceme aka nuna masa wani tsoho mai rawar hannu, wanda bai tuna komai ba amma ya ce zai ƙarasa aikin nan take. Sallau ya dubi hannun, ya dubi askar, ya yi godiya.

Ya dawo ya durƙusa gaban Gado a kasuwa. Sai ga Ajuma, wata tsohuwar Bafillatana mai tallar nono, ta tsaya ta ƙura masa ido. Fulani da Arawa taubasai ne, ba sa haɗuwa a rabu ba a zagi juna ba, amma Sallau bai taɓa samun mai zaginsa ba. Gaishe shi suke yi da ladabi, kamar baƙo.

Ajuma ta fizge hularsa.

"Kai, ba ɗan Yaro ba ne na Sukukutane? Ɗan bawana! Ga kunnuwan nan kamar faifai. Maraƙi ya taɓa korar ubanka har bisa rumbu. Cikin shanunmu wanzaminku ya ɓoye, yana makyarkyata."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Gado ya gyara zama.

"Bafillace ba shi ɓata zaginai ga baƙo," ya ce. "Ka turo magabata."

Sallau bai ji shi ba. Ya juyo da fuskarsa duka wajen tsohuwar, hawaye na bin kuncin da babu zane.

"Inna," ya ce, "mi kinka ce sunan ubana? Ƙara zagin shi in ji."