Anti A-Sake ta Ɗakin Gwajin Tsoka

Kafin likitoci su iso, ta wasa wuƙar injinta. Ɗan guntun naman da aka tsakuro daga jikin mara lafiya take binnewa cikin kakin kyandir, ta yanka shi ya fi ɓawon albasa sirantaka, ta rina, ta ɗora a gilashi. Abokan aiki na kiranta Anti A-Sake, don in samfuri bai yi mata ba, ko babban likita ne ya ɗebo, sai an sake. Watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa bakina ba zai yi shiru ba!

Da ma bai saba ba. Da gyambo ya ƙi warkewa a gefen harshena, uwar yarana cewa ta yi, "Baban yara, ko mota ake tuƙawa haka ai ta nemi gareji."

Aka tsakuri harshen. Anti ta dawo da saƙo: naman ya dagargaje, a sake. Na same ta ina huci.

"Baiwar Allah, harshen nawa guda nawa ne?"

"Guda ne, Malam, shi ya sa ba zan yi masa canki-canki ba. Koma su ƙara ɗiba."

Na koma ina ƙunƙuni. Samfuri na biyu ya tabbatar da ciwon daji, ya kuma isa a yi wani gwajin. Likita ya ce zarurrukan gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin ciwon sun zarce adadin da ya kamata, irin wannan kuwa ya fi saurin gangarawa kaluluwar wuya. Wuyana lafiya lau, ko kumburi babu, amma ya ce a buɗe. Aka buɗe. Ashe mugun baƙo har ya shimfiɗa tabarma a kaluluwa ɗaya! Aka cire ta tare da ciwon harshen.

Ke ce gagara-gaggawa, Anti! Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ta sha ganinki kina barin abinci ya huce saboda yanka ɗaya ya yi kauri. Marasa lafiya da yawa sun tashi, ba su ma san ƙofarki ba.

Na gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku matasan ɗakin gwaji, ku koyi taurin kanta, gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. Jiya likita ya lallatsa wuyana ya ce, "Babu komai, sai baɗi."

Baɗi fa, jama'a!