Wendelin Harksen da Shanunsa Sittin da Huɗu

Haihuwa da karatu

An haifi Wendelin Harksen ranar 9 ga Maris, 1884, a garin Tönning da ke bakin tekun arewacin Jamus. Mahaifinsa, Boye Harksen, mai shafa wa kwale-kwalen masunta fenti ne, mahaifiyarsa Gesche kuwa wankau take yi. A 1903 ya shiga wata makarantar zane a Hamburg, aka sallame shi a shekara ta biyu saboda ya zana wani fasto da koriyar fuska. Da malaminsa ya ce, "Kai ɗan masunta, ka taɓa ganin mutum kore?" sai ya amsa, "Ranka ya daɗe, ai ba ka gan shi ranar da kwanon tara sadakar coci ya dawo fayau ba." Bakin nan nasa bai taɓa jawo masa alheri ba.

Aiki da iyali

Aƙidarsa ita ce a zana abin da zuciya ta ji, ba abin da ido ya gani ba, shi ya sa tekunsa ja ce, mutanensa kuma duk a karkace. A 1911 ya auri Alwine Tetens, Allah ya ba su Momme (1912), Detlef (1915) da Frauke (1919). Babu fuskar da ya zana kamar ta Alwine, wadda kan ce, "Wendelin, ko sau ɗaya ka yi ni kamar mutum mana!"

Shekarun haramci

A 1937 hukumar wancan zamani ta ayyana irin zanensa a matsayin lalataccen aiki, ta kwashe duk wanda ke gidajen baje koli, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sittin da huɗu suka rage a gida. Don ya tsirar da su, sai ya shafe kowanne da man sheƙi, ya zana saniya tana kiwo a kai da fentin ƙaro, wanda ruwa kaɗai ya isa ya wanke. Alwine ce kawai ta san sirrin. An ɓoye wa 'ya'yan don kada a titsiye su da tambaya. Jami'in da ya zo bincike ya yi dariya ya ce, "To, Harksen, ashe hankali ya dawo!" Detlef kuwa ya ɗauka mahaifinsa ya miƙa wuya, tun daga ranar ya tsani shanun.

An kashe Momme a fagen daga a 1942. Alwine ta rasu a 1944 da sirrin a cikinta. A Nuwamban 1945, kafin ya samu natsuwar wanke ko guda, shanyewar jiki ta kama Wendelin, ta tafi da hannayensa da harshensa.

Ƙarshen rayuwa

Hunturun 1946 ya zo da sanyin da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, ga babu gawayi. Bayan kujeru sun ƙare, Detlef ya ɗauko zane na farko ya karya katakonsa a gaban murhu, ya ce, "Baba, yi haƙuri, yau dai shanun nan naka za su yi rana." Tsohon ya yi ta gurnani, hawaye na zuba. Frauke ta ce, "Yaya, sanyi ne ke cinsa, ƙara masa ɗaya." Haka aka yi ta yi wata biyu da rabi, yana zaune yana kallo, su kuma suna ganin jinya suke yi. Abin baƙin cikin shi ne, ƙauna ce tsantsa ta sa su.

Ranar 20 ga Fabrairu, 1947, Frauke ta shigo da na ƙarshe daga rumbu, ƙanƙarar da ta zubo masa a tsakar gida ta narke. Ta sa hannun riga ta goge, saniyar ta biyo rigar, sai ga idon mahaifiyarta a koriyar fuska.

Rasuwa

Wendelin Harksen ya rasu ranar 3 ga Maris, 1947, saura kwana shida ya cika shekara sittin da uku. Sai da aka jira kwana goma sha ɗaya ƙasa ta saki kafin a binne shi kusa da Alwine a maƙabartar Tönning. Littafin da aka wallafa kan rayuwarsa da aikinsa a 1962 hoto ɗaya tak ke cikinsa. Ya bar 'ya'ya biyu: Frauke, wadda ta riƙe hoton har ƙarshen ranta, da Detlef, wanda ya ƙara shekara arba'in a duniya bai sake hura wuta da hannunsa ba.