Hantar Mai-Usur

Shekara ashirin da biyu Mai-Usur ya yi yana ba da hannu a mahaɗar manyan tituna huɗu, kuma babu direban da bai san tumbinsa ba. Mutum ne mai fara'a. Ko tsayar da kai ya yi, da dariya za ka taka birki.

Shi da abokan aikinsa suna da wata hikima da babu likitan da ya koya musu, wai maiƙo ne ke wanke hayaƙin mota daga maƙogwaro. Da ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, sai ya tura soyayyen nama mai kitse ya bi bayan hayaƙin. Direbobi sun san haka, suna miƙo masa ta taga. Shi dai a ganinsa magani yake sha.

Ranar gwajin lafiya na shekara, likita ta nuna masa hoton cikinsa.

"Baba, kitse ya taru maka a hanta. Hayaƙin da kake shaƙa yana wahalar da ita, maiƙon kuma ya ƙara mata kaya. Na ba ka wata shida. In ba ta yi sauƙi ba, zan rubuta a ɗauke ka daga titi."

Maganar titin ta fi ta hantar tayar masa da hankali, don a wurinsa zaman ofis da kurkuku duk ɗaya ne.

Matarsa ta ɗaura ɗamara. Ta ɓoye kaskon suya, ta saya masa takunkumi, ta ɗaura masa da hannunta.

"To, ta ina zan busa usur?" in ji shi.

"Hannuwan na ado ne, Malam?"

Haka ya koma ba da hannu da dukan jikinsa, yana juyi a tsakiyar titi kamar mai korar kaji. Direbobi suka sha dariya, amma suka riƙa kashe masa inji idan jira ya yi tsawo, naman taga kuma ya koma lemo. Sau ɗaya ya ci nama a ɓoye, tabon mai a takunkumi ya tona masa asiri.

Da wata shida ya cika, likita ta daɗe tana kallon sabon hoton.

"Kitsen ya ragu sosai, Baba. Koma titinka, amma kada ka saki jiki."

A ƙofar asibiti ya tsaya cak, hawayen murna suna zubo masa, ƙaton mutum da shi. Matarsa ta ja hannun rigarsa.

"Matsa, Malam, ka tare wa mutane hanya."