Famfon da na buɗe da alƙalamina

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa kuma soja na shirin miƙa wa farar hula mulki, ina koyarwa a firamare a Faskari. A gefe guda nakan rubuta labaran yankinmu in ba direban mota ya kai gidan rediyo. Ranar da aka karanta nawa, ko gaisuwata sai ta canza. Ji nake duk lardin ba wanda ya kai ni.

Wata rana a tsakiyar rani wani ɗan takara ya gayyace ni buɗe famfo a wani ƙauye bayan Tafoki. Aka ba ni kujera a sahun gaba, aka murɗa famfo ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa. Na ci nama na ƙoshi, na koma gida na rubuta cewa ƙishirwa ta ƙare a wannan yanki, mutum da dabba kowa ya zo ya sha. Ban tambayi kowa daga ina ruwan yake fitowa ba. Ashe tankar mota ce ta cika tankin famfon ana gobe biki, ƙasa kuwa ko taku ɗaya ba a haƙa ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, makiyayi ne a wajen Pauwa, kuma rediyonsa ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Da ya ji an ambaci sunana sai ya bar ɗan tafkin da yake lallaɓawa, ya koro shanunsa tafiyar kwana biyu. Ya tarar da tanki a bushe.

Har makaranta ya same ni, ya tsaya a ƙofar aji da sandarsa.

"Kai ka rubuta wanga labari?"

Na ce, "Ni ne, Kawu. Da idona na ga ruwan."

Ya ce, "To mi ya hana ka kwana ka ga na gobe? Saniyata mai ciki ta faɗi a hanya, sai yanka ta na yi. Sauran suna can suna lasar ƙarfe. Ba don ɗan siyasa na taso ba, don sunanka na taso."

Kunya ta kama ni har na kasa duban ɗalibaina. A ranar muka nemi masu jakai suka yi ta ɗebo wa shanun ruwa daga wata rijiya mai nisa. Ni kuma na rubuta labari na biyu, na faɗi yadda aka yi, har da nawa laifin. Da aka karanta shi, 'yan ɗaya jam'iyyar suka mai da shi waƙa a kasuwannin Ƙanƙara da Sabuwa. Ba a yi mako biyu ba sai ga injin haƙa ya iso ƙauyen.

Tun daga nan na san ɗan siyasa yana kiran mai labari ne don ya ga abin da aka shirya masa, kuma yana tsoron wanda ya dawo bayan an kwashe kujeru. Na daɗe ina wannan aiki bayan haka, ban sake yarda da ranar biki ba.

Ranar da ruwan gaske ya fito a wancan ƙauye, na zaro alƙalami a bakin famfon. Kawu ya riƙe hannuna.

"Zauna nan kwana ukku. In shina zuba ran na huɗu, ka rubuta."

Na zauna, shi ya koma wajen shanunsa, ran na huɗu ruwa na zuba na rubuta. Ko bayan an karanta labarin a rediyo, sai da Kawu ya sa aka tambayo wani makiyayi kafin ya yarda.