Ranar da Unguwarmu Ta Ce Ba Ta San Ni Ba

Ko da tsufa zai kwashe min duk abin da na haddace a jami'a, akwai abu ɗaya da na san ba zai iya ɗauka ba, wato lokacin da unguwa guda ta haɗa baki ta ce ba ta taɓa ganina ba, alhali kullum da safe sai na bi kowa na gaishe shi. Har yau idan abin ya faɗo min a rai, sai in rasa dariya zan yi ko hawaye.

Ni mutumin Chadi ne. A Injamena aka haife ni, cikin Hausawan da kakanninsu suka je fatauci suka zauna. Karatun likitan dabbobi ne ya kai ni Maiduguri. Wanda ya gan ni a kasuwa ba zai ce baƙo ba ne, don Hausa ce a bakina, ga Larabcin Shuwa daidai gwargwado, amma ita takarda ba ruwanta da wannan. Duk shekara sai na je ofishin shige da fice an sabunta min izinin zama na ɗalibi. Waccan shekarar ita ce ta ƙarshe a gare ni, kuma izinin zai ƙare ne gab da jarrabawar fita. Jami'a ta riga ta faɗa mana ƙarara cewa baƙon ɗalibin da izininsa ya mutu ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. Ke nan in aka ƙi sabunta min, sai in tattara in koma wa iyayena hannu Rabbana bayan duk shekarun nan. Don haka da wuri na kai fasfona da wasiƙar jami'a da hotuna, aka karɓa, aka ce in je in saurari kira.

A unguwar Umarari nake haya, a gidan wata dattijuwa Babarbariya da kowa ke kira Hajja. Mace ce mai faɗa da yawan turaren wuta, ba ta taɓa kirana da sunana ba sai "tatani", wato ɗana. In ta tuƙa burabusko sai ta aiko min, in na ƙi cinyewa ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Ɗakin da ke kusa da nawa kuma wani malamin firamare ne a ciki, Kirista daga kudancin Borno, muna ce masa Ticha. Ni da shi ba ma shan inuwa ɗaya, kuma ƙasusuwa ne suka haɗa mu. Nakan karɓo kan akuya da ƙafafun saniya daga mayanka, in dafa, in kankare naman, in shanya a bayan tagarsa don nazarin ƙashi. Ni a wurina karatu ne, shi kuwa wari kawai yake ji. Wata rana ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, ya ce, "Wannan ƙasusuwan naka, wata rana sai ka yi bayaninsu a gaban hukuma." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna min.

Ana nan, wani yammaci na dawo daga makaranta sai mai shagon bakin layinmu ya yafito ni. Ya leƙa hagu da dama kafin ya yi magana, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ɗan Chadi, wani mutum ya zo nemanka," in ji shi. "Da hotonka a wayarsa."

Na ce wane irin mutum? Ya ce dogo ne, da farar riga da hula kamar kowa, amma takalminsa baƙi ne mai sheƙi, irin wanda ba a yawo da shi a yashin Umarari. Na tambaye shi me ya faɗa masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Me kuwa zan faɗa? Na ce ban taɓa ganin wannan fuskar ba."

Wanda bai zauna a Maiduguri ba zai yi mamakin wannan amsar. Mutanen garin sun sha wuya a shekarun rikici, kuma sun fito daga ciki da wata ɗabi'a: baƙo ba ya tambayar gidan wani a nuna masa. Ko ƙanin uwarka ne ya zo, in ba a san fuskarsa ba, sai dai ya kira ka a waya ka fito. Ni ma na koyi haka, har ina ganin ta dabara ce mai kyau. Na yi wa mai shago godiya sosai, na shige gida.

Daga ranar ban ƙara samun sukuni ba. Waye shi? Jami'in farin kaya ne, ko masu ɗauke mutane, ko wani ne ya ɗora min abin da ban ji ba ban gani ba? Saurayi baƙo da ke magana da Larabci da Faransanci a waya, ba wuya a yi masa sharri. Tambayar da ta fi cin raina ita ce wa ya ba shi hotona, kuma duk ta inda na juya lissafin, kan Ticha yake tsayawa. Ai shi ya ambaci hukuma. Na kwashe ƙasusuwana na cusa a buhu na tura ƙarƙashin gado. Na daina gaishe shi. In ya yi tari a ɗakinsa sai in ɗauka sigina ce yake ba wani. Ko gyaran keken da yake yi a tsakar gida, ni gani nake fakewa ya yi don ya ga shigata da fitata.

Na ga mutumin da idona sau ɗaya a unguwar. Ina cikin Keke Napep za mu shiga layi, na hango farar riga a ƙofar gidanmu, na sauke ido ƙasa na ga takalmin. Na dafa kafaɗar direba na ce ya wuce, na yi mantuwa a makaranta. A masallacin jami'a na zauna har la'asar sakaliya, littafi a buɗe a gabana amma ko layi ɗaya ban karanta ba. Da na dawo, na lura Hajja ta sa an ƙara sakata a ƙofar zaure.

Ba a daɗe ba aka kira ni daga ofishin shige da fice. Na yi murna, na ce ko ba komai wannan matsalar ɗaya za ta kau. Aka nuna min wani ofishi a ƙarshen baranda, na yi sallama na shiga. Mutumin da ke bayan tebur yana cikin kaki, kansa a ƙasa yana duba fayil. Ta ƙarƙashin teburin na fara gane shi. Takalmin nan ne.

Bai ce in zauna ba. Ya ɗago ya ƙare min kallo, irin kallon da ni ma na yi ta yi wa Ticha.

"A ina kake kwana?" ya tambaye ni.

Na faɗi unguwa da layi da gida. Ya girgiza kai. Ya ce bana an ba su umarni su riƙa zuwa su ga inda kowane baƙon ɗalibi ya ce yana zaune kafin a sabunta masa izini, kuma shi da ƙafarsa ya je gidan da na rubuta, ba sau ɗaya ba. Mai shago ya ce bai san ni ba. Mai shayi ya ce bai san ni ba. Matar gidan ta ce gidanta babu baƙo, duk wanda ke ciki ita ta haife shi, ta rufe masa ƙofa a fuska.

"Akwai wani malamin makaranta kuma," ya ce. "Shi ne ma ya fi kowa zaƙewa. Ya ce ya daɗe a gidan bai taɓa ganin mai kama da kai ba, ɗakin da ke kusa da nasa ma tarkace ake ajiyewa a ciki."

Kunya ta rufe ni har na ji zafinta a kunnuwana. Mutumin da na daina gaisarwa ashe shi ya fi kowa tsaya min. Hoton kuwa ni da hannuna na kai musu shi tare da fasfona. Na yi ƙarfin hali na ce, "Ranka ya daɗe, da ka je da kaki ai da sun gane." Ya ce da a ce da kaki ya shiga, da kafin ya kai tsakiyar layi kowa ya kulle ƙofarsa. Shi ma ɗan Yerwa ne, wato Maiduguri, ya san halin mutanensa. Amma ya ce sanin hali ba shaida ba ne, kuma shi abin da ke gabansa shi ne baƙon saurayi da ya ba da adireshin da ba wanda ya san shi a ciki. Ko in kawo mai gidan ta faɗa da bakinta kafin mako ya fita, ko ya rubuta cewa adireshin ƙarya na bayar. Na san abin da hakan ke nufi, ba jarrabawa kaɗai zan rasa ba.

Na ɗauka kawo Hajja abu ne mai sauƙi. Na same ta a tsakar gida tana turara laffayarta, na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ba za ta je ba.

"Dabara ce," ta ce da Hausarta mai nauyin Barbarci. "Sun nema ba su samu ba, yanzu suna so ni in kai ka da hannuna. Ni ba ni kai wa."

Na roƙe ta, na rantse mata cewa ofishin da nake zuwa duk shekara ne. Ta juya min baya. Ticha ne ya fito daga ɗakinsa, ashe duk yana ji, ya ja ni gefe. A nan ya faɗa min abin da na yi shekara da shekaru a gidan ban sani ba. Ɗakin da nake ciki na ɗan Hajja ne. A shekarun rikici wasu mutane suka zo layin suna tambayar gidansu, wani maƙwabci ya nuna musu da zuciya ɗaya. Suka tafi da shi, har yau ba a san ko su waye ba, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yaron kamar sa'ana ne a lokacin. Na fara ba Ticha haƙuri kan gaisuwar da na ɗauke, ya katse ni ya ce in bar wannan, amma in sani ƙasusuwana ko a ƙarƙashin gado suna wari.

Shi ya shawo kanta. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Hajja, wancan karon nunawa ce ta cuce mu. Wannan karon ɓoyewa ce za ta kore shi. Ni zan raka ku, in sun riƙe shi su riƙe ni." Can ta ce a samo Keke Napep da safe.

Tun daga ƙofar gida ta kama hannun rigata, ba ta sake ba. Muka ratsa ta GRA tana ta jan carbi da ɗaya hannun. A ofis jami'in ya miƙe ya gaishe ta da Barbarci, ta amsa a daƙile, idonta na kan ƙofa. Ya nuna ni ya ce, "Hajja, kin san wannan?"

"Ɗana ne."

"Hajja, ba haka nake nufi ba. Ɗan wace ƙasa ne, kuma a ina yake zaune?"

Na ji yatsunta sun ƙara matse rigata. Ban taɓa ganin magana ta yi wa mutum nauyi a baki kamar haka ba, kuma na san duk karatuna yana rataye da ita.

"Baƙo ne," ta ce a hankali. "Daga Chadi ya zo karatu. A gidana yake, a ɗakin ɗana yake kwana. Ga shi na nuna maka shi. Amma tare muka zo, tare za mu koma."

Jami'in ya sunkuyar da kai ya daɗe yana rubutu, fiye da yadda maganar ke buƙata. Da ya ɗago muryarsa ta sauya. Ya ce, "Tare za ku koma, Hajja." Ya sa hannu a fayil ɗin, ya ce in dawo in karɓi izinina. Duk da haka ba ta saki rigata ba sai da muka fita daga get muka hau titi. A nan ta sake ni, ta rufe fuska da laffaya ta yi kuka, ni da Ticha muna tsaye kamar an dasa mu.

Na rubuta jarrabawata, na koma gida da shaidar karatuna. Hajja ta rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙanta, Ticha ne ya kira ni ya faɗa min. Abin da na koya shi ne zargi ba ya nuna wa mutum maƙiyinsa, sai dai ya rufe masa ido daga masoyinsa. Na yi kwanaki ina tsoron mutumin da ya zo yin aikinsa, ina ƙin maƙwabcin da ya yi ƙarya don ya kare ni. Yanzu in zuciyata ta fara ƙulla wa wani laifi, sai in tuna da hannun rigar nan tawa da ta koma gida a yamutse, in je in tambaye shi tukuna.